Sunaye Goma Sha Ɗaya, Babu Stavros

Shekara goma sha tara Stavros Kallergis ya yi a wani ɗakin bincike a Melbourne yana lallaɓa na'urar kama hasken eksire, wadda ba ta aiki sai ta yi sanyin da zai daskarar da Shaiɗan. Ran nan ya hango ɗan tudu a allo, alamar ƙwayoyin lantarkin ƙarfen da suke bincike a kai sun jera sahu.

Da ya nuna wa shugabarsa, Farfesa Delaney, sai ta tuntsire da dariya. "Haba Stav, firijinka ne ke tari! Je ka sha shayi."

Bayan wata shida sai ga "tarin" nan, wato ɗan tudun, a bangon mujallar kimiyya, da sunayen masu binciken goma sha ɗaya, babu nasa.

Yanzu in ya ga abu a allo, bakinsa alaikum. An ce tun daga lokacin ya ga irinsa har uku.