Tarayyar da Yaya Sani Ya Sani

Bana shekara goma sha biyu ke nan da aka rufe Yaya Sani a Jibiya, amma har yau in na ji an ce "gwamnatin tarayya" a rediyo sai na waiga, kamar zan gan shi zaune bisa buhun gero yana gyaɗa kai. Ni ce ƙanwarsa, ni ce kuma abokiyar gardamarsa tun muna yara. Gardamar da ta fi daɗewa tsakaninmu a kan kalmar nan ce guda, tarayya.

Yaya manomi ne. Yana da shanun huɗa biyu, amma ba nasa ba ne shi kaɗai. Rabi nasa, rabi na amininsa Ilu, mutumin wani ƙauye da ke tsallaken iyaka ta wajen Maraɗi. In damina ta faɗi, shanun su yi huɗa can, sannan a koro su nan su yi wa Yaya. In sa ya tsufa su shawarta, su sayar, su sayo wani. Dokarsu ɗaya ce, ba a rubuce ba: ba mai sayarwa, ba mai yankawa, ba mai ba da aro, sai ya tambayi ɗan'uwansa. Abin da Yaya ya sani da tarayya ke nan.

To, lokacin da sojoji ke shirin miƙa mulki, aka cika gari da maganar sabon kundin tsarin mulki. Ni abin da na tsinta a rediyo bai kwanta mini ba. Iyaka ta gwamnatin tsakiya ce, 'yan sanda nata ne, shige da fice nata ne. Na ce da shi, Yaya, mu da muke kwana a bakin iyakar fa, me aka bar mana? Sai ya yi dariya, ya ce wai ni ban iya sauraro ba. Ai mai karanta labarai bai ce gwamnatin sama ba, bai ce gwamnatin mai ƙarfi ba, tarayya ya ce. Kuma duk wanda ya kira kansa abokin tarayyarka, to ya ɗaure kansa da kansa, ba zai taɓa komai ba sai ya tambaye ka.

Haba, ranar har tuwo na ƙi ci don haushi. Na ce suna ne kawai masu fassara suka laƙa mata. Ya ce suna ba wasa ba ne. Ya hau kekensa ya dinga zagaya ƙauyukan Bugaje da Mazanya yana kwantar wa mutane da hankali, yana ce musu su amince, za a zo a tambaye su. Ba wanda ya zo. Rana ɗaya muka ji wai an sa hannu, wai ma da yawunmu aka yi. Na tare shi da zancen a ƙofar gida, sai ya ce wataƙila hanya ce ta yi musu nisa. Da wannan uzurin ya yi ta kare su har ya koma ga Allah.

Bayan rasuwarsa Ilu bai raba tarayyar ba. Rabon Yaya ya koma hannun matarsa Hajo, kuma da huɗar shanun nan take ciyar da gidan, ita da jikokin da ke gabanta. Haka aka yi ta yi lafiya lau, har daminar da aka wayi gari an rufe iyaka. Sanarwa ce kawai daga can sama. Manyan motoci suka yi layi, albasa ta ruɓe a cikinsu, 'yan kabu-kabu suka jingine babura. Sabis ɗin waya ma a lokacin sai a hankali. Shanun kuwa suna wajen Ilu, ga ruwa ya sauka, ga gonar Hajo ko kunya ɗaya ba a ja ba.

Wata ranar da hantsi ina gidan Hajo muna tsintar wake, aka yi sallama. Na leƙa, na ga wani tsoho dafe da sanda, ƙafafunsa duk ƙaya ta farfasa su, rigarsa ta yage a kafaɗa. Wallahi ban gane shi ba sai da ya yi magana. Ilu ne. A ƙafa ya ratso daji, dajin nan da samari majiya ƙarfi ba sa yarda su bi saboda 'yan bindiga. Na yi maza na shimfiɗa masa tabarma.

Ko ruwan da aka kawo bai sha ba sai da ya faɗi abin da ya kawo shi. Babban san ya zame cikin kwazazzabo ya karye, ba zai tashi ba. Ya hana 'ya'yansa sa masa wuƙa, ya zo neman izinin Hajo.

Hajo ta fashe da kuka. "Malam Ilu, don Allah da ka yanka abinka. A kan wannan ka sayar da ranka?"

Ya dube ta, ya ce, "In na yanka ban tambaya ba, mi zan ce ma Sani?"

Ni fa faɗa na rufe shi da shi. Na ce ko malamai sun yarda a yanka dabbar da ta kusa mutuwa, a yi bayani daga baya. Ya ce ya sani, amma ba haka suka yi da Sani ba. Ya kwana, ya koma ta inda ya fito. Kafin ya isa san ya mutu mushe, ko fatar kirki ba a samu ba. A daminar nan da fartanya Hajo da jikokinta suka kafta abin da suka iya, rabin gonar ya zama ciyawa, kuma tun kafin rani ya raba rumbunta ya ƙare.

Abin nan har yau ya ƙi barin raina. Tsoho ya ratsa dajin mutuwa don kada ya taɓa rabin sa bai tambaya ba, alhali masu ɗauke da sunan tarayya sun garƙame ƙofar gari guda ko sallama ba su yi ba. Ban ce ba su da dalilinsu ba, wataƙila suna da shi. Tambayar ce ba su yi ba. Da Yaya na raye, ban san wane uzuri zai nemo musu ba, don wannan karon ba su yi nisan hanya ba, shingensu na nan a bakin garinmu. Ni na ci gardamar, amma ban taɓa cin abin da ya yi mini ɗaci kamarta ba.

Yanzu ma ga shi ana ta maganar gyaran kundin, a rage wa tsakiya ƙarfi ko a bar mata. In da mai jin maganata, ni dai roƙona kada a sake rubuta kalmar nan sai an yarda da nauyinta.

Yaya bai bar gida na siminti ba, bai bar mota ba. Amma makon jiya, da hanya ta samu, Ilu ya sake zuwa, a bayan babur wannan karon, ya ƙara tsufa. Ya ce wa Hajo ya ga wani ɗan maraƙi a kasuwarsu, ja, mai faɗin ƙirji, zai dace da san da ya rage. Hajo ta ce to ina yake, a shigo da shi mana mu gani.

Ya ce ai bai saya ba tukuna. Tambaya ya zo.