"Da Sauƙi" Aka Ce Mini

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan, ina ɗaura igiyar takalmi zan tafi aiki, aka kira ni: Malam Haliru ya rasu.

Shi ne ogana a lab ɗin asibitinmu a Birnin Kebbi. Shi ya koya mini aiki tun ina baƙo, ban san inda ake ajiye safar hannu ba.

Ranar da na fara, ya ji ni ɗan Argungu ne, ya yi dariya ya ce, "Bakabe, ka iya kamun kihi, to taho ka koyi kamun abin da ido bai gani." Tun daga nan bai sake kiran sunana ba sai Bakabe.

Na taɓa juya sunayen jinin mutum biyu. Ya gano kafin takarda ta fita. Bai tona ni gaban kowa ba, ya ja ni gefe, ya sa na sake gwajin yana tsaye.

A ƙofar ICU kuwa, ɗakin masu ciwo mai tsanani, ba ya raga wa kowa. Ko babban likita ne sai ya tare shi ya ce, "Wanke hannu, ranka shi daɗe. Wagga alwala ma hwarilla ce."

Abin da ya fi cin ransa shi ne ciwon da mutum ke ɗauka a cikin asibiti. An kawo shi don wani abu, an sa masa robar numfashi, sai wata ƙwayar cuta ta bi robar ta shiga huhu. A kawo mana majina mu shuka ta a faranti don ƙwayar ta tsiro, mu jira kwana uku kafin mu san wace ce, likita yana ta ba da magani a kan zato.

Shi ya nemo mana wani gwaji na gaggawa, ɗan tsinke kamar na maleriya. An shafa masa antibodi, sinadarin da ke gane ƙwaya ya cafke ta. Ka ɗiga, ka jira ɗan lokaci, layi ya fito. Muna kan gwada ingancinsa ne, kuma mu biyu kaɗai muka iya haɗa shi, ni da shi.

Makon jiya ya faɗi da mashin a hanyar Zauro, ya karya haƙarƙari. Aka yi masa aiki, aka kwantar da shi a ICU ɗin da yake gadin ƙofarsa.

Na shiga duba shi ranar Talata. Na ce zan fasa zuwa gida yankan shinkafar babana. Ya harare ni.

"Tahi ka yanke ma tsoho shinkahwa tai," ya ce, numfashi na yanke masa. "Amma in ka ji masassara ta taso mani, aje lauje ka taho da tsinkenmu."

Na ce to, Malam. Ganina da shi yana magana ke nan na ƙarshe.

Laraba na kira uwargidansa, Hajiya Luba, daga fadama. Na ce ya mai jiki? Ta ce, "Da sauƙi, mun gode Allah."

Alhamis ma haka.

Jama'a, ni Bahaushe ne. Na san ko mutum yana gargara "da sauƙi" za a ce. Ni kaina sau nawa na faɗa wa mutane haka a bakin wod? Amma na karɓa, don ita nake son ji, saura kwana ɗaya mu gama yanka. Ban tambaye ta ko akwai zazzaɓi ba. Ban kira nas ko ɗaya ba, alhali lambobinsu cike da wayata.

Ashe tun Laraba da rana jikinsa ya ɗau zafi, har an sa masa robar numfashi.

Juma'a da la'asar na dawo, na ga halin da yake ciki, na ruga lab. Na haɗa gwajin. Kafin in gama wanke hannu layi ya fito, ƙwaya ce mai taurin kai wadda maganin da ake ba shi ba ya taɓa ta. Likita ya canza magani nan take. Ya dafa ni ya ce ko da na zo da wuri, babu tabbas.

Na sani. Kwana ya ƙare, ba mai ƙara wa wani minti ɗaya. Kuma Hajiya ba ta yi laifi ba, abin da aka koya mana ta faɗa. Amma abu ɗaya ya roƙe ni, na kawo masa shi bayan kwana biyu. Wannan zai daɗe yana cina.

Za a yi jana'iza bayan Azahar a ƙofar gidansa.

Allah Ya jiƙan Malam Haliru, Ya sa jinyar nan ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Hajiya da yara haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. In da saura a bakinku, ku roƙa mini gafara ni ma, don ban samu na roƙi tasa ba.