Takardun Zafi da Shanu Suka Sha

Malamina na Bakura ne ya koya mini auna zafi, shi ma wurin malaminsa ya gada. A kwana bakwai na tsakiyar bazara, bisa lissafin taurari irin na manoma, akan sa curin man shanu a ƙoƙo da hantsi, a ajiye a zauren makaranta, a wuri ɗaya kullum. Da ya narke sai ka fita rana ka auna inuwarka da ƙafa, yadda ake yi don sanin lokacin salla, ka rubuta. In inuwa tana da tsawo, man ya narke da wuri ke nan, shekarar ta yi zafi. A ƙasa kuma a rubuta gaba nawa igiyar guga ta ci kafin ta taɓa ruwa.

Da ya tsufa ni ya riƙa aikawa kasuwar Talata in tambayi baƙi. Wannan ne ya fi mini wuya, don ni ko gaisuwa doguwa sai in yi gumi. Amma na tambayi Buzaye masu gishiri, da fataken goro na Gwanja, da Barebari masu kanwa, da alhazan da suka ratso Wadai a ƙafa: bazarar bana da ta bara wacce ta fi, rijiyoyinku sun ja baya? Wasu su yi dariya, wasu su amsa. Duk na rubuta, kowace ƙasa da layinta. In ka jera takardun mu uku a tabarma, nawa da na Malam da na malaminsa, za ka ga shekara mai sanyi takan faɗo jefi-jefi, amma inuwar a hankali tsawo take ƙarawa, igiya ma haka. Malam ya ce kada in yi gaggawar faɗa wa kowa, sai an ƙara shekaru. Da ya rasu aka ba ni gafakar da takardun suke ciki, na kawo ta gidanmu a Mafara.

Gidanmu gidan fawa ne. Ba mai karatu sai ni. In an tambaye ni abin da ke cikin gafakar nakan sunkuyar da kai in ce karatu ne. Wannan amsar ita ce laifina, kuma har yau ban yafe wa kaina ba.

A bazarar da ta biyo na koma Bakura yin awo, na kwana bakwai. Shanun da Baffa, ƙanen mahaifina, ya ba makiyaya kiwo a Faru suna ta faɗuwa saboda zafi. Da na dawo na tarar da gafakar a rataye, ba nauyi. A tsakar gida an shanya takardu a kan zana, fari fat, sun yi kumburi, sai ɗan baƙi-baƙi a gefe.

Baffa yana wasa wuƙa a gindin bango. Ya ɗago da fara'a.

"Malam ƙarami, sannu da hanya! Ai mun ci albarkarka. Rubutun nan da kaka ɓoyo, mun wanke shi cikin masaki, an kai Faru shanu sun sha."

Na ce, "Baffa, ba addu'a ba ce."

"Mi ne, in ba addu'a ba? Rubutun manyan malamai biyu? Kai dai rowa gare ka, kamar uwarka."

"Lissafin zafi ne."

Ya ajiye wuƙar ya dube ni. "Zafi? Wa ka buƙatar takarda shi san ana zafi? Fita waje mana!" Masu fiɗa suka kwashe da dariya.

Tawadarmu ta gawayi da ƙaro ce, ruwa kaɗan ya ishe ta. Aikin mutum uku, tun kafin a haifi Baffa, ya tafi cikin tumbin shanu a wuni guda. Na tsaya ina tattara takardun ɗaya bayan ɗaya, ina ɗaga su ga rana ko wani harafi ya tsira.

Wani daga cikin masu fiɗar ya ce an bar takarda guda, an kai wa baduku ya ɗinka laya an rataya wa babban bijimin. Washegari na taka zuwa Faru. Makiyayin ya hana ni, sai da na rantse ni na rubuta, ko da yake hannun Malam ne. Na farke fatar. Shekara ɗaya ce tak, inuwa da igiya da labarin Buzaye. Ba ta da ta gaba, ba ta da ta baya, ba abin da za a gwada ta da shi.

Bayan kwana kaɗan ruwa ya sauka, sauran shanun suka tashi. Baffa ya bi kasuwa yana ba da labari, har mutanen Damri suka fara sallama a ƙofarmu suna neman rubutun shanu.

Na sake farawa daga wannan takardar guda. Yanzu a Bakura nake barin gafakar, a cikin tukunya, an liƙe bakinta da laka. Kowace bazara Baffa yakan tare ni a zaure ya ce, "Malam ƙarami, rubutun bana ya nuna?" In gaishe shi yadda ya kamata, in wuce.