Lemon Gwaggo ya mayar da Yaya farko

Wallahi har yanzu raina tafasa yake!

Jiya a gidan suna a Yalwawa, ina juyowa sai na ga Gwaggo ta kafa wa Abba kwalbar lemo a baki.

Abba ɗan yayata ne, Yaya Hauwa. Ba ya magana, kuma da can in ba biskit da lemo ba, ba ya cin komai. Duk ya rame. A asibiti aka ce a mayar da shi kan abincin gida. Cokali-cokali Yaya ta dinga lallaɓa shi, yana tofarwa tana sake ba shi, har ya karɓi faten wake da kunun gyaɗa. Duk inda za ta, kularsa na cikin jakarta.

Na ce, "Gwaggo don Allah, an hana shi fa!"

Ta ce, "Ke tafi can! Yaro Allah ya jarrabe shi, ku kuma ku ƙara masa da rowa? A zo suna da kula, sai ka ce guba muke dafawa!"

Mata suka kwashe da dariya. Yaya ta saɓi ɗanta kawai.

Yau da safe ya kifar da faten, lemo yake wa kuka. Na tarar da Yaya zaune a ƙasa da cokali, ta koma farko. Gwaggo kuwa tuni ta koma Kiyawa abinta.

Jama'a, in uwa ta ce kar a ba ɗanta abu, meye wahalar janye hannu? Ko ni ce na cika zafi?