Baffa Lauya da Karen Darakta

Duk wanda ya zauna a Kawo ya san Baffa Sule da baƙar kwat ɗinsa. Rana na dukan tsakar ka, kowa na neman inuwa, shi kuwa yana cikin kwat abinsa. Direban wani alƙali ne shekara da shekaru, da ya yi ritaya sai zaman kotu ya zame masa jaraba. Kullum yana bencin baya yana sauraron shari'ar mutane. Ku 'yan Kawo kuka sa masa Lauya, shi kuma har amsawa yake.

Maganarsa ɗaya ce: "Ina shaida?" Ran nan matarsa, Inna Larai, ta ce gishiri ya ƙare. Ya ce, "Ina shaida?" Ta dire masa miya lami ta ce, "Ga ta nan, sha." Ya shanye tas ya ce kotu ta gamsu.

Ni 'yar ƙaninsa ce, a hannunsa na tashi, na san abin da ke cin ransa. Ya taɓa ce mini, "Hajara, kullum ta wasu nake kallo. Ba a taɓa kiran sunana a kotu ba." Na ce, "Baffa, ai alheri ne!" Ya harare ni.

Ga shi ba ya hawa keke, wai asara ce, a ƙafa yake ratsawa ta Unguwar Rimi zuwa kotu. A nan ne wata safiya maigadi ya bar ƙofa a buɗe, karen wani darakta ya fito ya cafke shi a ƙwauri. Ya dawo gida jini har cikin takalmi, amma bakin nan har kunne. "Larai, na samu ƙara!"

Kafin azahar daraktan ya biyo shi gida. "Baba, don Allah shiga mota mu je asibiti a yi maka allurar cizon kare. Komai a wuyana."

"In karɓi allura daga hannun wanda nake ƙara? Ai sulhu ke nan, shari'a ta mutu. Yaro, ni za ka yi wa wayo?"

Muka ce to mu za mu kai shi. Ya ce ina! Sai kotu ta ga ciwon, ta umarci darakta ya biya diyya da magani, sannan a tsira masa allura. Na yi kuka, na yi faɗa, na ɗauko liman. Ya dubi liman ya ce, "Malam, ka ce ƙila karen mahaukaci ne. Ina shaida?"

Shaidar ta zo. Karen ya daina cin abinci, ya riƙa dalalar da miyau, ya mutu. Darakta ya dawo hankali tashe, har da durƙusawa. Baffa ya bugi cinya ya ce, "Kun gani ko? Ya kashe shaida!" Babu wanda ya yi dariya.

Ya shigar da ƙara, amma tun kafin a kira shi aka ɗage zama, aka sake ɗagewa. Ciwon ƙafa ya rufe da kansa, Baffa yana ta jin haushin hakan. Sai ranar da Inna ta miƙa masa kofin ruwa, ya zabura ya manne da bango, maƙogwaronsa na shaƙewa. Asibitin da ya ƙi, can muka kai shi a rirriƙe, likita ya ce an makara. In ya ɗan dawo hayyacinsa, tambayarsa ɗaya ce: "An sa rana?"

An sa, ta faɗo bayan sadakar bakwai ɗinsa. Na je na zauna a bencinsa na baya, kwat ɗin a cinyata. Wallahi haushinsa nake ji, don da hannunsa ya mayar da Inna mai takaba. Magatakarda ya ɗaga murya: "Sule Kawo, mai ƙara!" Shiru. Ya sake kira, kotu duk ta ji.

Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ya rasu."

Alƙali ya ɗago kai ya ce, "Allah ya jiƙansa. Ina shaida?"

Dariya ta ƙwace mini, kuka ya biyo ta, sai fitar da ni aka yi.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa taurin kansa. Ranar da za a kira sunansa a zaman da ba a ɗagewa, Allah ya sa ya amsa cikin sauƙi. Amin.