Keken Ɗinkin da Ya Shiga Aji

Malama Tela ba ta iya ɗinki ba. Ko maɓalli ne ya tsinke mata, sai ta nemi mai maƙala mata. Ɗalibai ne suka laƙa mata sunan, saboda wani tsohon keken ɗinki da take ɗorawa a baro duk shekara, ta turo shi da kanta tun daga gida har cikin aji biyu na ƙaramar sakandaren da take koyar da tarihi. Masu shaguna na bakin titi su yi ta mata dariya, ita kuwa ko a jikinta. Mace ce da ta binne miji, ta raini 'ya'ya da albashin malanta, dariyar mai shago ba za ta hana ta barci ba.

Keken ba nata ba ne, ba kuma na mahaifiyarta ba ne. Malama tana ƙarama aka yi wata shekara da gari ya rikice, aka shiga bi gida-gida ana neman mutanen wata ƙabila. Maƙwabciyarsu, wadda ke yi wa matan layi ɗinki, 'yar wannan ƙabilar ce. Ta jawo keken da hantsi zuwa ɗakin mahaifiyar Malama, ta ce, "Yaya, ajiye min, in ƙura ta lafa zan dawo." Ba ta dawo ba. Akwai wata 'yar rigar yarinya a ƙarƙashin allurar, an ɗinke hannu ɗaya, ɗayan ba a kai gare shi ba. Mahaifiyar Malama ta yi ta zuba wa keken mai har ƙarshen rayuwarta. An yi yunwa a gidan, an sayar da gado, ba a sayar da keken ba. Da ciwon ajali ya kama ta sai ta kira 'yarta ta ce, "Ajiya ce, ki riƙe. Keken na iya ɓoyewa, mai keken ce ban iya ba."

Da wannan keken Malama take buɗe darasin kisan ƙare-dangi. Ba ta farawa da adadin waɗanda suka mutu, don ta ce yaro yana haddace adadi ya fita ya sayi alewa. Sai ta girke keken gaban allo, ta sa kowa ya zo ya taɓa rigar, ta tambaye su ta wace ce, me ya hana a gama ta. Daga nan ta kai su tarihin wasu ƙasashe masu nisa, inda aka fara da kiran mutane ƙwari a rediyo, aka ƙare da maƙwabci yana nuna ƙofar maƙwabci. Malamin adabi kuma ya karanta da su labarin wata yarinya da ta rayu a irin wannan lokaci. Har darasin ya ƙare, tambaya ɗaya ce a saman allo, ba a goge ta: A ina aka fara, kuma wa ya ce a'a?

Shekara da shekaru ana haka lafiya lau, sai bana aka kawo sabon malamin adabi, matashi mai zumuɗi, yara na ce masa Malam Gilas saboda tabarau da yake sawa. Ranar da Malama ta tafi asibiti saboda 'yarta na naƙuda, shi ya riƙe ajin. Ya ga cewa karatu kaɗai bai isa ba, gara yara su ji a jikinsu. Ya yanko jan ƙyalle, ya ce duk wanda ke tsallako gada kafin ya zo makaranta ya miƙo hannu. Shi a ganinsa hanya ce mai sauƙi ta raba aji biyu. Baƙo ne, bai san cewa mutanen tsallaken gada su ne waɗanda suka zo daga baya ba, waɗanda har yau wasu ke ɗauke kai idan sun gaishe su. Ya ɗaura musu ƙyallen, ya tsayar da su bayan aji, ya ce yau ba su da bakin magana. Aka kaɗa ƙararrawa, ya kwashi littattafansa ya fita, ya manta bai ce wasa ya ƙare ba.

Lokacin hutu wasu yara suka tare famfo, suka ce mai jan ƙyalle ba zai sha ruwa ba. Aka yi ta ihun ɓerayen gada. Aka yi dambe, aka fasa wa ɗan mai walda leɓe.

Da Malama ta dawo, ko jaka ba ta ajiye ba firinsifal ya aika a kira ta. Mutum ne mai tsoron hayaniya, irin wanda in bango ya tsage zai rataya kalanda a wurin.

Ya ce, "Malama, wannan darasin naki dai ya zo ƙarshe. Ki mayar da kekenki gida. Ki koya musu sarakunan da, babu uban da zai zo min a kansu."

Ta ce, "Yallaɓai, ni na ɗaura ƙyallen?"

"Ba ke ba ce, amma ke kika tono maganar."

"To yaran da suka tare famfo, ran nan aka haife su? Abin yana cikinsu, mu dai ba mu gani ba ne."

"Shugaban iyaye ya zo har sau biyu. Mai walda kuma ya ce zai cire ɗansa."

"Ka kira min su, su zauna a bencin 'ya'yansu, su ji darasi ɗaya. In sun ce a daina, da hannuna zan tura baron, ba za ka sake ganin keken nan ba."

Ya yarda, ba don komai ba sai don yana ganin an riga an gama da ita.

Daga nan ta wuce ofishin malamai, ta samu Malam Gilas ya haɗa kai da tebur. Ta ce, "Ɗana, ɗago. Ba a wasan kwaikwayo da wannan abin, ko da wasa. Yaro ba ya bukatar ya zama mugu kafin ya gane mugunta. Gobe kai za ka fara ba da haƙuri, kuma ban da turanci mai tsawo."

Washegari iyaye suka cika ajin, gwiwoyinsu na bugun tebur, yara na tsaye jikin bango. Malam Gilas ya ba da haƙuri. Bai ko zauna ba shugaban iyaye ya miƙe, mai kemis ne, mutumin da bai taɓa ganin taro ya ƙyale ba.

Ya ce, "Malama, mu 'ya'yanmu ba su san wani bambanci ba. Ku kuka cusa musu. An kawo yara su koyi karatu, kin kawo musu gawa da tsohon ƙarfe."

Mai walda ya ce daga bayan aji, "Alhaji, ɗana dai leɓensa ya san bambanci."

Malama ta yaye zanen da ke kan keken, ta ba da labarin maƙwabciyar kamar yadda take ba yara, ba ƙari ba ragi. Wata uwa da ke gaba ta miƙa hannu ta shafa 'yar rigar, ta janye da sauri. Sai Malama ta juya wajen ɗalibai.

Ta ce, "Sunan da aka kira 'yan'uwanku da shi a bakin famfo, a littafin da kuka karanta yake?"

Suka ce a'a.

"Ni na faɗa muku? Ko Malam?"

"A'a, Malama."

"To a ina kuka ji shi?"

Can wani yaro ya ce, "A gida." Wata ɗaliba ta buɗe baki za ta ƙara bayani, Malama ta ɗaga hannu. "Ban tambayi gidan wa ba. Ba kotu muka zo ba." Iyayen nan kuwa kowa ya samu abin kallo a kan takalminsa. Su ne fa masu cewa yara ba su san komai ba, alhali yaro yana zaune ana rabon abinci yana kwashe duk abin da ya faɗo daga bakin manya.

Ta nuna allo da alli. "Rabin tambayar ke nan, mun ga inda aka fara. Saura rabin. A bakin famfo, wa ya ce a'a?"

A gaskiya ita ma ba ta san amsar ba. Ba ta nan ranar. In babu kowa, to shekarun da ta yi tana tura baro sun tashi a banza, kuma a gaban kowa.

Ɗan mai walda ya ɗaga hannu, leɓensa a kumbure. Ya nuna wata siririyar yarinya da ke maƙale a lungu. Ya ce, "Ita. Ta shiga tsakiya ta karɓi gorunanmu tana cika mana. Aka ture ta, ta tashi ta ci gaba. Ita ta kwance min ƙyallen."

Yarinyar 'yar mai kemis ce.

Uban ya juya ya dube ta. "Ke? Shi ne kika ce min faɗuwa kika yi kika ƙuje gwiwa?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba, na ji tsoro za ka yi faɗa."

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa. Malama ce ta ce mai keken ba ta samu wanda zai tsaya mata a ƙofa ba."

Mai kemis ya zauna a hankali, bencin ya yi ƙara. Malama ta ce, "Alhaji, abin da nake koyarwa ke nan. Abin da aka yi a famfo ba a ajina aka koya ba. Abin da 'yarka ta yi, a nan ta koya, kuma ba zan ji kunyar faɗa ba. Yanzu ku yanke, in mayar da shi gida ko in bar shi."

Uwar da ta shafa rigar ce ta fara magana. Ta ce, "Ki bar shi. Ƙaramin ɗana yana aji ɗaya, ina so ya zo ya same shi." Aka yi ta cewa a bar shi daga ko'ina. Firinsifal ya dubi mai kemis, mai kemis ya gyaɗa kai bai ɗago ba. Nan take firinsifal ya miƙe ya ce shi dama tun farko ra'ayinsa ke nan. Malama ta dube shi sama da ƙasa, ta ƙyale shi da halinsa.

Da aka watse, mai walda ya tsaya yana zagaya keken. Ya tsuguna ya girgiza ƙafarsa ɗaya. Ya ce, "Malama, ƙafar nan ta tsage, baron nan zai ƙarasa ta wata rana. Gobe zan zo da injina in ɗinke ta a nan. Yaron kuma yana nan, ban cire shi ba."

Ta ce, "Ka zo. Amma ka yi a hankali, ajiya ce. Rigar kuma kar ka taɓa."

A bakin ƙofa ta ci karo da mai kemis, yana riƙe da hannun 'yarsa, yana ta kame-kame. Ya ce wai ko akwai ragowar littafin nan da yaran ke karantawa, yana so ya duba abin da ke ciki, a matsayinsa na shugaban iyaye.

Ta zaro nata daga jaka ta miƙa masa. Ta ce, "Ka karanta har ƙarshe, Alhaji. In ka gama, ita za ta yi maka tambayoyi."