Littafin Kawu Direba

Kawuna direba ne, kuma ban taɓa ganin mai naci irinsa ba. Shekara ashirin da uku yana tuƙa mutum ɗaya, tun mutumin yana yawon neman ƙuri'a har ya zama minista, har aka sauke shi. A gidanmu ba a kama sunan mutumin, sai dai a ce Maigida.

Kawu yana da ɗan littafi a aljihun mota. Kowace tafiya sai ya rubuta rana, wuri, lokacin fita da lokacin dawowa. Ba wanda ya sa shi. Mukan tsokane shi cewa ko banɗaki Maigida ya shiga sai an rubuta, shi kuwa ya ce direban da ba ya rubutu ai ɗan kamasho ne.

Littattafan nan da ya cika tsawon shekaru aka kwashe ranar da masu bincike suka zo.

A babbar kotun tarayya Maigida ya rantse bai taɓa taka gidan ɗan kwangilar da ake zargin sun haɗa baki ba. Littafi ya ce sau goma sha ɗaya. Mutanen Maigida suka yi ta sintiri a gidan Kawu, wai ya ce ba rubutunsa ba ne, shi ke nan. Ni ma, Allah ya yafe mini, haka na ce masa. Abinci ya gagare shi.

Ranar ba da shaida ya goge rigarsa ta aiki ya saka. Lauyan gwamnati ya miƙa masa littafi, ya tambaye shi rubutun wa ne. Kawu ya daɗe yana shafa bangon.

"Hannuna ne, ranka ya daɗe."

Shekara bakwai aka yanke wa Maigida. Da aka fito da shi, Kawu ya riga kowa zuwa motar gidan yari, ya kai hannu zai buɗe masa ƙofa kamar kullum. Gandiroba ya ture shi. Maigida ya wuce ta gabansa, kafaɗarsu har ta gogi juna, ko kallonsa bai yi ba. Har yau ban huce ba.

Bara Kawu ya rasu. Ina haɗa kayansa na tsinci sabon littafi a aljihun rigar aikin nan, layi ɗaya kawai a ciki, na ranar da aka tafi da Maigida gidan yari. Fita, ƙarfe biyu da kwata. Wurin dawowa ya bar shi ba rubutu.